Amsa: Tsattsewa na shiga amma ba sa yin sheƙa

Malam, ka ce tsattsewa na shiga ginin da ɗan'uwanka ya tanadar musu a Malesiya don su yi sheƙa, amma sai su zaga su fice. Ina zargin zafi ne. Irin wannan tsattsewar da 'yan Sin ke miya da sheƙarta, asalinta 'yar kogo ce, duhu take so da danshi. Sai ɗan'uwan naka ya riƙe zafin ɗakin tsakanin digiri 26 zuwa 29 a ma'aunin Celsius, danshi kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, ko da kwatarniyoyin ruwa ne. In iska ta bushe, yawun da suke gini da shi tsagewa yake, sheƙar ta faɗo. Katakon rufin ya zama mai kaushi, marar wari. Lasifikar da ake sa kukansu don janyo su kuma kada ta cika ƙara. Sannan ya duba ko mujiya ko ɓera na shiga da dare.