Motar Jigilar Madara: Kada Ka Biya Direba da Yawan Sawu

Wani ɗan kasuwa mai motocin rarraba kaya a cikin gari ya aiko da tambaya. Kamfanin sarrafa madara ya yi masa tayin kwangilar ɗauko ɗanyar madara daga gonaki zuwa masana'anta, za a riƙa biyansa kan kowace lita. Yana son sayen motar tanki mai cin lita 10,000, ya ɗora ɗaya daga cikin direbobinsa a kai, ya riƙa biyansa bisa yawan sawun da ya yi. Shin akwai riba?

Malam, akwai riba, amma tsarin biyan da ka zo da shi zai iya cinye ta a rana guda.

Direban da ke kai maka katan-katan shago-shago, aikinsa ya ƙirga kaya, ya sauke, a sa masa hannu, ya wuce. Direban madara kuwa shi ne mai duba kaya na farko. Yakan tashi tun kafin asuba domin ya riski tatsar safe. A kowace gona zai buɗe tankin sanyaya, ya shinshina, ya duba ko akwai gudaji ko datti a sama, ya sa ma'aunin zafi. Madara tana fitowa daga jikin saniya da ɗumin kusan digiri 37, kuma ana so a sauko da ita zuwa digiri 4 kafin a ɗauka. Zai auna yawanta tana kwance, ya kunna abin juyawa na aƙalla minti biyar don maiƙon da ya taso ya haɗe, sannan ya ɗebi samfuri a ƙaramar kwalba, ya rubuta sunan gona da lokaci, ya ajiye cikin ƙanƙara. Sai bayan nan ya haɗa tiyo ya zuƙa.

To, mutumin da kuɗinsa ke kan yawan sawu, wane mataki zai fara tsallakewa? Waɗannan mintuna biyar da wannan kwalba. Ranar da gona ɗaya ta zuba madarar saniyar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, ko wadda ta kwana injin sanyi a kashe, ta gauraya da ta sauran gonakin a cikin tankinka. A bakin masana'anta za a gwada, a ƙi karɓar lodin gaba ɗaya. Idan akwai samfurin kowace gona, za a gano mai laifin, asarar ta koma kansa. Idan babu, sai a waiwayo kan mai mota. Don haka ka yanka wa direba albashi na wata, ka ɗora masa tukuici a duk watan da ba a mayar da lodi ko ɗaya ba kuma takardunsa suka cika.

Lissafin kuɗin shiga ma yana da tarko. Kamfani zai biya ka da lita, amma motarka tana cin kuɗi ne da kilomita. A ce zagayenka kilomita 180 ne a rana. Mai, taya, albashi da inshora kusan ɗaya suke ko tanki ya cika ko bai cika ba. Lokacin da madara ta ja baya ka dawo da lita 6,000 maimakon 10,000, abin da kake kashewa kan kowace lita ya ƙaru da kashi biyu cikin uku, kuɗin da ake ba ka kan litar kuwa yana nan inda yake. Ka nemi a rubuta a yarjejeniya mafi ƙarancin abin da za a biya ka a rana, da yadda za a gyara farashi idan man dizal ya tashi, da kuɗin jira idan aka tsayar da motarka a layin saukewa fiye da lokacin da aka yi alkawari. Kuma ba a ɗauko wani kaya a tankin madara don a rage asarar tafiya wayam, kada ka sa wannan a lissafi.

Ka lura da nauyi: lita ɗaya ta madara ta ɗan haura kilo ɗaya, kusan 1.03, wato lita 10,000 tan 10.3 ke nan, ban da tankin kansa. Ka tabbata gindin motar da takardunta sun yarda da wannan nauyi.

Tuƙin ma daban ne. Yawancin tankunan madara ba a sa musu shingayen ciki da ke rage kaɗawar ruwa, saboda suna wahalar wankewa. Tanki rabi ya fi cikakke haɗari. Direba ya taka birki, mota ta tsaya, sai ruwan ya taho gaba ya bugi bango ya sake tura ta. A kwana kuma ya karkata gefe guda. Direbanka na cikin gari ya yi makonni yana zama gefen wanda ya saba kafin ka miƙa masa makulli.

Wanki kuwa kullum ne, kuma cikin lokacin aiki yake. A fara ɗauraye da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, don zafi na gasa furotin ya manne a jikin ƙarfe. Sai ruwan zafi da sinadarin wanke maiƙo, sai na asid mai cire ɓawon da madara ke bari, sai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tiyo, famfo da robobin bakin bawul nan ne datti ke ɓuya. Ka tambayi kamfanin tun yanzu ko a wurinsu za a wanke, da wanda zai biya.

Saniya ba ta san ranar hutu ba. Direba ɗaya ba zai yi kwana bakwai a mako yana tashi tsakar dare ba tare da gyangyaɗi ya kama shi a hanya ba, don haka albashin direba na biyu yana cikin jarin farko. Haka nan ka ƙulla da wani mai tanki da zai rufa maka asiri ranar da motarka ta kwana wurin bakanike. Ka zauna da biro ka haɗa duk wannan a kan lita 6,000. Idan lissafin ya tsaya da ƙafarsa a nan, ka sa hannu.