Amsa: Wa ke biyan kuɗin Mastodon?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda Mastodon, dandalin sada zumunta mai kama da Twitter, ke rayuwa babu talla, da ko mu ma a Damagaram za mu iya buɗe namu dandalin.

Eugen Rochko ne ya fara shi a Jamus a 2016, kuma tun farko gudummawar jama'a ta Patreon, shafin tara wa masu aiki kuɗi, ce ta riƙe aikin, ga tallafi daga asusun NGI na Tarayyar Turai. Amma wannan kuɗin na masu rubuta manhajar ne. Mastodon ba a wuri ɗaya yake ba, a kan sabobi da yawa yake, wato kwamfutocin da ke ɗauke da dandalin. Kowace saba tana ci da kanta, mai ita ke biyan haya. Bluesky kuwa, wani dandalin makamancinsa, kuɗin masu zuba jari ya karɓa, kuma mai zuba jari riba yake jira.

A ganina tsarin social.coop, wata sabar Mastodon ta haɗin gwiwa, ya fi dacewa da mu: mambobi na zuba kuɗi kamar adashi, su ne kuma ke yanke shawara. Mutum hamsin kowa ya ba da jika ɗaya a wata, an samu abin farawa. Kada dai a ajiye sabar a shago, da zafin bazara da ɗaukewar wutar nan ba za ta kai labari ba. Haya za a yi a waje, a samu mai katin banki ya riƙa biya.

Hotuna da bidiyo su ke cinye ma'aji, sai a riƙa share tsofaffin da suka shigo daga wasu sabobin. Abin da ya fi damuna shi ne masu sa ido kan zagi da ƙarya. Mutum ɗaya aka bar wa wannan aiki kyauta, wallahi gajiya zai yi ya rufe. A ware musu ko da kuɗin data ne.