Amsa ga mai tambaya kan tsohon Sheaffer da libarsa ta cije

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka sayi tsohon alƙalamin tawada, Sheaffer Balance, a gwanjon intanet, libar da ake ɗagawa a zuƙi tawada ta ƙi motsi, kana tunanin jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. Ka kuma tambaya ko Montblanc 149 ya dace ya zama na gaba da za ka saya ka gyara da hannunka. Kafin komai, don Allah ajiye alƙalamin nan. Kada ka ƙara jan libar, ruwan zafi kuwa ko kusa kada ya je.

Ɗauke shi ka kai kusa da kunne ka ɗan girgiza. In ka ji wani abu yana kacau-kacau a ciki, to ka ji ciwon da kunnenka. A cikin gangar jikin akwai 'yar jakar roba, ita ke riƙe tawada. Libar na danna wani siririn ƙarfe, ƙarfen ya matse jakar, in ka sake ta sai ta buɗe ta zuƙo tawadar. Wannan ita ce dabarar da Walter Sheaffer ya yi wa rajista a 1908. Bayan shekaru masu yawa robar takan bushe ta ƙandare, wani lokaci ta farfashe, to libar ba ta da abin matsawa. Ka tilasta mata, ko dai ta lanƙwashe ko ta tsaga jikin alƙalamin a bakin ramin da take kwance. Jakar roba abu ce mai araha, kowane mai gyara na canza ta. Jikin da ya tsage kuwa ya tsage ke nan. Ni in na sami alƙalami da jakarsa ta ƙandare haka har daɗi nake ji, don alama ce babu wani mai karambani da ya riga ni shiga ciki.

Dalilin hana ruwan zafi yana ga abin da aka yi alƙalamin da shi. Balance ya fito a 1929, kuma da seluloid, wani tsohon nau'in filastik, aka yi jikinsa, wanda Sheaffer suka fara amfani da shi tun 1924 suna kiransa Radite. Goga shi da yatsa har ya ɗan yi ɗumi ka shinshina, sau da yawa za ka ji ƙanshin kafur. Zafi na lanƙwasa seluloid, sifirit na narkar da fuskarsa, wuta kuwa in ta lashe shi ƙurmus, kafin ka ce me ya zama toka. Ruwan da ya shiga ciki kuma zai sa ƙarfen nan tsatsa. Waɗanda suka girme shi, irin su Waterman 52 da Parker Duofold na farko na 1921, da ebonait aka yi su, wato roba mai tauri, in ka goga warin taya take yi. Ita kuma ruwa da hasken rana ke mayar da baƙinta ruwan ƙasa. Akwai ma wasu na Ingila, cikinsu har da wasu Conway Stewart, da aka yi da kasin, wani filastik da ake samu daga madara, in suka kwana a ruwa sai su kumbura su lalace. Shi ya sa ba na bari ko ɗigon ruwa ya taɓa alƙalami sai na tabbatar da me aka yi shi.

Ga yadda nake buɗe irin naka. Nakan tsayar da shi a ƙaramin kofi, ruwan sanyi ya rufe bakin rubutu da ɗan wuyan da ake riƙewa kaɗai, don busasshiyar tawada ta saki. Sannan in goge, in ɗauko na'urar busar da gashi in riƙa hura wa mahaɗar wuya da jiki iska mai ɗumi ina juya shi. Ma'aunina yatsana ne: in ba zan iya riƙe wurin ba, zafin ya yi yawa. Shalak, wato ɗankon da ake manne su da shi, yana sakin jiki wajen digiri 60 na Celsius, seluloid kuma yana fara laushi ba nisa sama da haka, ka ga tazarar kaɗan ce. Sai in kama wuyan da guntun roba, in ɗan murɗa kaɗan-kaɗan ina ja a miƙe. Ban da filaya tsirara. In ya ƙi, in ajiye sai gobe. Akwai wanda ya yi kwanaki yana min gardama kafin ya saki. Yawancin alƙaluman da na ga an kawo a karye, a daidai wannan gaɓar aka karya su, mutum ya ji ya kusa sai ya ƙara ƙarfi.

In ya buɗe, sauran aikin mai sauƙi ne. Ka zazzage ɓarɓashin tsohuwar jaka, ka kankare ragowar da ke kan ɗan hancin wuyan a hankali. Lambar jaka faɗinta ne a kan kashi 64 na inci, wato lamba 16 na nufin 16 bisa 64. Zaɓi wadda za ta shige jikin ba tare da ta matse ba, ka yanke ta daidai tsawo, ka shafa shalak siriri a hancin, ka sa ta, ka bar ta ta bushe har washegari. Ka barbaɗa mata hodar talk zalla marar turare, ka mayar. Kada gam mai kamawa nan take ya kusanci alƙalami, don wanda zai gyara bayanka ba zai iya buɗewa ba. Bakin rubutun da magudanar tawada da ke ƙarƙashinsa kuwa, in suna wuce ruwa lafiya ka ƙyale su a mazauninsu.

Wani abu da ban ga ka ambata ba shi ne launi. In naka kore ne ko mai ruwan lu'ulu'u, duba ko jikin ya fi murfin duhu. Tsohuwar roba in tana ruɓewa tana fitar da iskar farar wuta, ita ke rina seluloid daga ciki, kuma ba ya gyaruwa. Wannan ne ya sa guda biyu iri ɗaya kuɗinsu kan bambanta nesa ba kusa ba. Wanda ba na rubutu da shi nakan cire masa jakar gaba ɗaya in ajiye shi haka.

Yanzu batun Montblanc. A ganina a'a, ba yanzu ba. Alƙalami ne na gaske, 149 ya fito tun 1952 daga kamfaninsu na Hambug, kuma na shekarun 1950 masu jikin seluloid bakinsu yana da laushin da ba ka samu a na yau. Amma fiston ɗinsu, wato abin da ke zuƙo musu tawada kamar sirinji, mai hawa biyu ne, da toshiyar ɓawon itace da ke bushewa, kuma sai da maɓallai na musamman ake kwance shi. Ga jabu sun cika kasuwa, ga waɗanda aka haɗa da murfin wani zamani da bakin wani. Farar tauraruwa a kan murfi da lambar 4810 a baki ba su tabbatar da komai, masu jabu ma sun iya buga su. In ka ƙwallafa rai a kansa, saya daga wanda ya yarda a dawo masa da kaya, ka kai wa ƙwararre. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Koyo kuwa a kan Esterbrook J ake yinsa. Mai liba ne kamar naka, yana da yawa, jikinsa na jure wahala, bakinsa murɗe shi ake yi ya fito. Da zan ba ka shawarar da za ka bi, sai in ce ka canza wa guda biyu ko uku jaka kafin ka koma kan Balance ɗinka, hannunka ya san iya ƙarfin da ake sawa. In kuma wanda za ka yi rubutu da shi kullum kake nema, Parker 51 ne. Ya fito a 1941, amma nemi samfurin Aerometric da aka fara a 1948: jakarsa ba roba ba ce irin ta da, da yawa har yau wanki kawai suke buƙata. Sai dai a duba siririn bututun iska na ciki, don na azurfa ne a na farko-farko, kuma tawadar Superchrome ta kamfanin ta cinye da yawa. Pelikan 400 na 1950 ma abokin tafiya ne. Sheaffer Snorkel na 1952 da Parker Vacumatic, duk da kyansu, bar su sai hannu ya faɗa. Na farkon kayan cikinsa sun yi yawa, na biyun sai da kayan aikinsa.

Wajen saye, gilashin ƙara girma mai ninki 10 ya fi min komai amfani. Ina fara duba ƙwayar da ke tsinin baki, ɓangarorin biyu duka, don in ta guntule gyaran na iya fin kuɗin alƙalamin. Sai in bi leɓen murfi da farce, tsagar da ido bai gani ba farce zai ji ta. Sai rubutun kamfani da ke jiki. Masu sayarwa na son goge alƙalami ya yi ta sheƙi, garin haka su cinye rubutun, ni kuwa na fi son wanda ya ɗan dushe amma haruffansa na nan raɗau. Kai ma kada ka wuce ƙyalle mai laushi.

In ka gama, fara gwada shi da ruwa. Tawada kuma ka tsaya ga ta alƙalami mai sauƙin wankewa, irin shuɗiyar Waterman ko Pelikan 4001. Tawadar zane da masu ƙyalƙyali suna toshe magudana.

Turo mana hoto uku: rubutun jikin, bakin ta gaba da ta baya, da mahaɗar wuya. Akwai Balance masu sandar famfo waɗanda wuyansu murɗawa ake yi, naka tunda mai liba ne ja ake yi, amma ina so in ga ko akwai tsaga a wurin kafin ka kunna na'urar. Faɗa min tsawonsa da murfi a rufe ma, in gaya maka lambar jakar da za ka nema.