Kwali ko Gogewa: Wanne Ke Riƙe Majinyaci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce, shekarata 12 a bakin aiki. Da difloma na fara, ita ce a hannuna har yau. Wata uku da suka wuce aka kawo mana wata yarinya mai digiri, shekararta biyu kacal da gama makaranta, aka ɗora ta a kanmu. Wallahi ko jijiya ba ta iya samu a hannun yaro sai ta kira ni. Abin nan yana cin raina. Maigidana ya ce in koma karatu, ni kuwa ina ganin me ya rage a koya mini a aji wanda ban gani da idona a gadon asibiti ba? Ga 'ya'ya uku, ga aikin dare. Don Allah Anti, kwali ya fi gogewa ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ce miki kada ki ji haushi ba. Ni ma na ji irinsa, har na kwana ina juyi.

Abin da ke hannunki ba ƙarami ba ne, bari in fara da shi. Ina sabuwar shiga, wata tsohuwar sista da muke aikin dare tare ta tsaya a ƙarshen gadon wani mutum da aka yi wa tiyatar ciki da rana. Na riga na yi masa awon hawan jini, lafiya lau, na rubuta a fayil. Ita kuwa ta dube shi kawai, ta taɓa tafin ƙafarsa, ta ce in je in taso likita. Na ce Sista, ai awonsa daidai yake. Ta ce, "Ba awo na aike ki ba." Mutumin yana ta mutsu-mutsu, yana neman ruwa, ƙafarsa ta yi sanyi, numfashinsa ya ɗan ƙaru. Ashe jini ke zuba a cikinsa. Daga baya na fahimci dalili: jiki yakan matse jijiyoyi, zuciya ta ƙara gudu, don haka awon jini na iya zama daidai har sai mutum ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa. Wannan bayanin yana cikin littafi, na ma ci jarrabawa a kansa. Amma idon da zai gane shi da ƙarfe biyun dare a fuskar mutum, sai wanda ya sha gani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Wata malamar jinya a Amurka, Patricia Benner, ta yi nazarin wannan a 1984. Ta kasa ma'aikatan jinya mataki biyar, daga sabon shiga zuwa gwani, ta nuna cewa sabon shiga da ƙa'ida yake tafiya ɗaya bayan ɗaya, gwani kuwa yakan ga lamarin dunƙule tun kafin ya iya faɗin abin da ya gani. Ke kina can sama a ɗakin da kika saba. Sabuwar shugabarki tana ƙasa, digirinta bai ɗaga ta daga nan ba, kuma ina kyautata zaton ta sani, shi ya sa take kiranki.

To amma ga inda zan saɓa miki. Kin ce me ya rage a koya miki. Ni ma na taɓa faɗin haka, sai wata ɗaliba ta kunyata ni.

Shekaru ina saka wa majinyata robar abinci ta hanci. Yadda aka koya mini in tabbatar ta isa ciki shi ne in tura iska da sirinji, in ɗora abin sauraro a saman ciki, in na ji "fuu" shi ke nan, a zuba abinci. Na yi wannan ba adadi, na koya wa na bayana. Ran nan wata ɗaliba da aka turo mana koyon aiki ta ce cikin ladabi, "Sista, mu an ce mana an daina wannan gwajin." Na harare ta. Da na koma gida na bincika, sai na tarar gaskiyarta ce. Ko da robar ta kauce ta shiga huhu, ƙarar iskar tana iya ratsowa a ji ta a saman ciki. Tun 2005 hukumar kiyaye lafiyar majinyata ta Ingila ta yi gargaɗin a bar shi. Abin da ake so shi ne a zuƙo ruwan ciki a ɗiga a takardar gwajin tsami, in awon ya nuna 5.5 ko ƙasa da haka to tana ciki, in an yi shakka a ɗauki hoton ƙirji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da zan ƙara shekara 20 ina yi, gadon asibiti ba zai taɓa gaya mini na yi kuskure ba. Galibi robar tana shiga daidai, sai in ɗauka gwajina ne ya yi aiki. Ranar da ta kauce kuwa, majinyacin da ma yana jin jiki, in ya kamu da ciwon huhu sai a ce cutarsa ce ta yi tsanani. Wa zai dawo ya ce hannun Sista ne? Haka nake murza wa masu doguwar jinya bayansu in na ga fatar ta yi ja, wai jini ya gudana kada gyambon kwanciya ya fito. Yau ƙa'ida ta hana, domin murzar tana ƙara lalata naman da ya riga ya raunana. Gogewa tana kaifafa abin da ake ganin sakamakonsa nan take, kamar neman jijiya: kin samu ko ba ki samu ba, jini zai gaya miki. Abin da sakamakonsa ke ɓuya sai bayan kwanaki, ko sai an tara dubban majinyata an ƙirga, wannan maimaici ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara masa gindin zama.

An kuwa ƙirga. A 2003 Linda Aiken da abokan aikinta suka duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, suka ga duk inda masu digiri suka ƙaru da kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan jinya, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata yana raguwa da kusan kashi 5. Matsakaicin shekarun aikin ma'aikatan bai nuna irin wannan tasiri ba, kuma na san wannan ba zai yi miki daɗi ba, ni ma bai yi mini ba. A 2014 suka sake a ƙasashen Turai tara, asibitoci 300, majinyata sama da 420,000, raguwar ta kai kashi 7. Sai dai kada a ɗora wa binciken nan kayan da bai ɗauka ba. Asibiti yake aunawa dunƙule, bai ce wance mai digiri ta fi wance mai difloma ba, kuma asibitin da ke iya ɗaukar masu digiri da yawa wataƙila ya fi wani wadata ta wasu fuskokin. Sannan binciken na 2014 ya gano wani abu da masu kirarin kwali ba su cika ambata ba: duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta, haɗarin mutuwa yana ƙaruwa da kashi 7. Ki ba mai digiri uku gado 30 ita kaɗai da dare, ki ga abin da kwalin zai tsinana.

Batun ɗora ta a kanku kuwa, wannan hukuncin masu gudanarwa ne, kuma a ganina sun yi gaggawa. Shekara biyu ta yi kaɗan ga jagorancin ɗaki. Amma laifin ba nata ba ne, kada ki huce a kanta. Ki kuma lura inda iska ke kaɗawa: Ingila ta mayar da digiri sharaɗin shiga aikin tun 2013, ƙasashe da dama suna bin sawu. Ko kin so ko kin ƙi, ƙofar ƙarin girma da ta koyarwa da ta ƙwarewa a fanni guda, da kwali ake buɗe su.

Saboda haka ina bayan maigidanki. Ki koma, gemu ba ya hana ilimi. Ki nemi tsarin da aka yi wa masu lasisi da ke bakin aiki, wanda ke lissafa diflomarki ya rage miki shekaru, kuma kafin ki biya ko kwabo ki tabbatar hukumar da ke ba ku lasisi ta amince da makarantar. Ki zauna da mai tsara jadawalin aiki tun da wuri kan aikin dare a lokacin jarrabawa. Za ki sha wuya a darasin lissafin bincike da rubutun aikin ƙarshe, ba na ɓoye miki. Amma ranar da malami zai yi bayanin yadda ƙoda ke gazawa, sauran ɗalibai suna haddace zane, ke fuskokin mutane za ki riƙa gani.

Kafin nan, gobe in ta kira ki neman jijiya, kada ki karɓe allurar. Ki riƙe hannunta ki nuna mata yadda ake lalubo ta da yatsa. In kun gama, ki tambaye ta ko akwai abin da ta ga kuna yi a ɗakin wanda aka koya musu saɓaninsa. Ki shirya jin amsar.

TAMBAYA: Anti, ni namiji ne, wata biyar da fara aiki bayan digiri. Manyanmu suna kirana "Farfesa" cikin zolaya duk lokacin da na ce littafi ya ce kaza. Har na fara yin shiru ko na ga ba daidai ba. Yaya zan yi?

AMSA: Ɗana, sunan kam ka amsa shi da dariya, zai gaji ya faɗi. Shirun ne ban yarda da shi ba. Ɗalibar da ta gyara mini gwajin roba ba ta yi a gaban majinyaci ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba. Ta jira muka fito, ta faɗi abin da aka koya musu, ta bar ni da shi. Ka yi haka, kuma ka zo da takardar ƙa'idar a hannu maimakon "littafi ya ce". In kuwa abin na gaggawa ne, kamar ka ga za a ba da maganin da ya wuce kima ko an ɗauko jinin da ba na majinyacin ba, nan babu jira babu kara, ka tsayar da shi a take, a yi fushin daga baya. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya cikin manyan nan, wadda ka ga majinyata sun fi natsuwa in tana kusa, ka roƙi a riƙa haɗa ku aikin dare na wata shida masu zuwa.