Amsa ga mai neman kyamarar ɗaukar gudun mota a fili

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce kana so ka fara kai motarka filin gudu ranar da ake buɗe wa kowa, wani lokaci kuma ka hau babur ɗin abokinka, amma ka rasa wadda za ka saya tsakanin GoPro, DJI da Insta360, ga shi kuɗin hannunka ba su kai na sabuwa fil ba. Na ga 'yan'uwa sun yi ta jero maka 4K da 8K, wato ma'aunin kaifin hoto. Ni dai a shekarun da na yi ina manna waɗannan abubuwa a jikin mota da babur a nan Accra, ban taɓa ganin wanda ƙarancin K ya ɓata wa rana ba. Zafi ne ke ɓata ta, da girgiza, da mariƙin banza.

Waɗannan kyamarori an ƙera su ne iska ta riƙa bugunsu tana sanyaya su. A kan hular kwano ko a gaban babur ba ka da damuwa. Amma ka manna ta a bayan gilashin gaba, cikin ranar Fabrairu ko Maris, ka sa ta a 5.3K, za ta ɗauki zafi ta kashe kanta kana tsakiyar zagaye, ba za ka sani ba sai ka tsaya. GoPro ta fi yi mini haka, DJI ta fi juriya a hannuna. Maganin ba tsada: sauko zuwa 4K firam 30 a daƙiƙa, ko 2.7K firam 60, ka kashe allon gaba da Wi-Fi. Idan GoPro ce, cire batirin gaba ɗaya ka ba ta wuta daga fawa-bank ta wayar USB-C, domin batirin kansa yana ƙara mata zafi. Kuma da zarar ka shigo hutu ka cire ta daga rana.

To, tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ce ta fi: me za ka yi da bidiyon? Idan don ka sa a WhatsApp da TikTok ne 'yan Nima da Mamobi su gani, kowacce ta ishe ka. Idan kuwa don ka koyi tuƙi ne, ka ga inda kake taka burki da wuri da inda kake shiga kwana a makare, to GPS kake bukata, kuma a nan ne mutane ke tafka asara. GoPro ta fara sa GPS tun Hero 5 Black a 2016, ta ci gaba har Hero 11 Black ta 2022. Sai ta cire shi a Hero 12 ta 2023, ta dawo da shi a Hero 13 ta 2024. Ka ga ke nan mai shago zai iya nuna maka 12 ya ce ta fi 11 sabunta, gaskiya ya faɗa, amma ba za ta nuna maka gudunka a kan bidiyo ba. DJI Osmo Action 4 da 5 Pro su ma ba su da GPS a ciki, sai ka sayi rimot ɗinsu daban. Shi ya sa ga mai aljihu irin naka, Hero 11 ta hannu mai lafiya ita nake nuna wa mutum. Batirinta ɗaya ne da na 9, 10 da 12, don haka ba ya wuyar samu, alhali 13 ta zo da nata daban.

Akwai wata hanya kuma. Ka sayi kowace kyamara, ka sa manhaja irin RaceChrono ko TrackAddict a wayarka ta riƙa ƙirga maka lokacin zagaye, daga baya ka haɗa bayanan da bidiyon. Sai dai GPS ɗin yawancin wayoyi sau ɗaya yake karanta wuri a daƙiƙa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato kwana sukutum na iya wucewa tsakanin karatu biyu. Ƙananan na'urorin GPS na waje suna yin sau 10 zuwa 25, amma wannan sai ka yi nisa.

Maganar daidaita hoto, wato HyperSmooth a GoPro da RockSteady a DJI, kowa yabonta yake, ni kuwa a cikin mota ragewa nake ko in kashe. Tana yanke gefen hoto, tana kuma sa dashbod ya riƙa yawo kamar kwalekwale, ta ɓoye maka yadda motar ke kwanciya a kwana da yadda take dunguri in ka taka burki, alhali su kake son gani. A babur labari ya bambanta. Idan ka ɗaura kyamarar yadda tanki ko kan babur ke fitowa a hoto, ka kunna abin da ke riƙe sararin sama a miƙe, za ka ga babur ɗin yana kwanciya kamar yadda ake nunawa a gasar tseren babura ta MotoGP. Wannan kam yana da daɗin kallo.

Wurin ɗaurawa a mota, tsakanin kujeru biyu, daidai kafaɗarka, yadda hannunka a kan sitiyari da hanya za su fito tare. Matsalar wurin ita ce cikin mota duhu, waje haske, sai kyamara ta bi duhun, hanya ta fito fari fat. Danna allon kyamara daidai inda gilashin gaba ya fito ka kulle hasken a nan kafin ka tashi.

Mariƙi kuwa, araha ba ta ado. Na roba marasa suna suna karkarwa, hoto ya riƙa lanƙwashewa, kuma da wuya manhaja ta gyara wannan. Sayi mai gajeren wuya mai ƙarfi. Idan mai tsotsar gilashi ne, goge wurin tas, ka kuma ɗaura wa kyamarar igiya ta biyu a jikin wani abu mai ƙarfi, domin in ta faɗo ƙarƙashin burki ba maganar kyamara ake ba kuma. Mai gam na 3M yana son a bar shi awa 24 kafin a ɗora masa nauyi, kada ka manna da safen ranar. Masu walda, ko a nan ko a Magazin ta Suame in ka je Kumasi, za su lanƙwasa maka ƙarfen da zai kama ƙafafun matashin kujera, ya fi yawancin na kanti tsayawa. Ka tambayi masu filin tun kafin ranar ko suna yarda da kyamara a kan hular kwano, wasu ba sa yarda. Na ce masu fili, ban ce titin Tema ba, don na san halin samarinmu da daddare.

Insta360 X3 ko X4 tana ɗaukar ko'ina lokaci guda, ka zaɓi gefen da kake so daga baya, a babur tana ba da hoton da sauran ba sa iyawa. Amma idanunta biyu a waje suke tulu-tulu, tsakuwa ɗaya daga tayar na gabanka ta isa, kuma 8K ɗin X4 an raba shi ne a kan da'ira gaba ɗaya, abin da ka yanko bai kai haka ba. Ga aikin tacewa mai cin lokaci da waya mai ƙarfi. Ta zama ta biyu, ba ta fari ba. Hero 9 zuwa sama da DJI Osmo Action 4 da 5 Pro murfin idonsu na cirewa ne, in ya karce ka sauya, abin da ke da amfani sosai lokacin ƙurar hunturu. Hero 8 ba ta da wannan, kada a lallaɓe ka da ita.

Sauti, in kyamara na waje iska kawai za ka ji. Ajiye tsohuwar waya a cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur ta naɗi kukan inji, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin ka tashi don ka gane inda za ka haɗa su.

Katin ajiya ya zama mai alamar V30, 128GB ya ishe ka yini. Jabu sun yi yawa, saya inda za ka iya mayarwa. Idan kyamara ta hannu za ka ɗauka a Circle ta Accra ko Adum ta Kumasi, tafi da katinka, ka sa ta ɗauki minti 20 a 4K a gabanka ba tsayawa, ka duba ƙofar batir tana rufuwa da kyau, ka fita da ita waje ka ga GPS ya kama, sannan ka ƙirga sidi. Ka faɗo mana irin motar da ko tana da ƙarfen kariya a ciki, sai in gaya maka mariƙin da zai dace.