Idan inji ya ci hannunka a Kumasi, wa zai biya ka?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana son zuwa Kumasi bayan Sallah ka kama aikin walda a Magazin, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe, amma mahaifiyarka ta ƙi ba ka izini, saboda wani yaron unguwarku ya dawo daga Ghana da guntun hannu, aljihu babu komai. Sai ka tambaye ni: kawu, idan baƙo ya rasa hannu ko ƙafa a can, ana biyansa diyya, ko kuwa sai ɗan ƙasa?

Tsoron mahaifiyarka yana kan hanya. Suame Magazin gari guda ne na ƙarfe da wuta, kuma injin yankan katako a Sokoban ba ya tambayar sunan kowa. Amma ana biya. Akwai dokar diyyar ma'aikata tun 1987, wadda lauyoyi ke kira PNDCL 187, kuma abin da take dubawa shi ne ko kana yi wa mai gidan aiki lokacin da tsautsayin ya auku. Ɗan koyo ma yana ciki, ko da da baki aka yi yarjejeniyar. Wanda rauni ya hana shi aiki kwata-kwata har abada, doka ta yanka masa albashin wata 96. Wanda ya rasa gaɓa ɗaya, jadawalin dokar da rahoton likita ne za su nuna kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinsa ya tafi, a lissafa daga wancan adadin. Kuɗin asibiti kuma a wuyan mai gida yake. Ofishin ƙwadago na gwamnati ne ke karɓar maganar, shi ke yin lissafin.

To me ya sa yaranmu ke komawa gida hannu rabbana? Wannan shi ne abin da ke ci mini rai, kuma shi nake so ka karanta wa mahaifiyarka da kyau.

Ranar da abin ya faru, mai gida zai ɗauki yaro zuwa asibitin Komfo Anokye, ya biya kuɗin tiyata, ya riƙa zuwa dubiya da lemo da burodi. Kafin a sallame shi, dattawa sun zauna. Za a ce mutumin nan ya yi ƙoƙari, ƙaddara ce, kada a tona asirin juna a gaban hukuma, mu baƙi ne. A damƙa wa yaro 'yan sidi a ambulan, a kawo takarda da Turanci ya dangwala yatsan da ya rage masa. Kuɗin ba sa kai shi ƙarshen shekara. Hannun kuwa ya tafi ke nan, kuma da shi yake ci. Na sha zama a irin wannan sulhu a Aboabo da Asawase, kuma duk lokacin da na ce a jira lissafin ofishin ƙwadago, sai a dube ni kamar na kawo fitina cikin jama'a.

Ni ban yarda cewa neman diyya rashin tawakkali ba ne. Shari'armu da kanta ta yanka wa hannu ɗaya rabin diyyar rai, raƙuma 50. Addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya ce a biya wanda aka naƙasa. Idan mutum ya ga dama ya yafe, ya yafe bayan ya san nawa ne haƙƙinsa. Yafiyar da aka karɓa daga yaro yana kwance yana jin zafi, bai san abin da ya bari ba, wannan ba ta yi mini kama da adalci ba. Sulhu alheri ne, ba na musu, amma a yi shi da lissafin hukuma a kan tabarma.

Abu na biyu da ke kashe maganar shi ne lokaci. Dokar ma'aikata tana son a sanar da hatsarin a nemi diyya cikin wata 6. Ƙarar rauni a kotu kuma, bisa dokar 1972, shekara 3 ce iyakarta. Mutanenmu sai su kwashi majinyaci zuwa wurin mai ɗori, ko a sa shi a mota zuwa gida don uwa ta yi jinya, kafin a waiwayo lokaci ya wuce kuma babu takardar likita ko ɗaya. Ka sani kuma, idan aka tabbatar maye ne ya jawo hatsarin, mai gida ya fita daga ciki. Masu shan ƙwaya don su jure aikin dare su ji wannan.

Idan mota ce ta buge mutum, hanyar daban ce. Tun 1958 doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda ta ji wa rauni. A nan rahoton 'yan sandan hanya, MTTD, shi ne komai, sai rahoton likita da rasiɗan magani. Ko direban ya tsere, ko motar ba ta da inshora, hukumar inshora ta ƙasa tana da asusu don irin waɗannan mutane. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid, na gwamnati ne, don talaka aka kafa shi.

Ba zan ɓoye maka ba, ana shan zirga-zirga, kuma wanda ba shi da takardun zama shi ya fi kowa saurin karaya, domin tsoron ofis kaɗai ya isa ya sa ya haƙura. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba ka ba tare da biza ba, ba izinin aiki ba ne. Don haka idan ka zo, mu fara da katin shaida na baƙi da izinin zama, sannan katin inshorar lafiya. Shi ma katin lafiyar ba ya sayen ƙafar roba. Akwai cibiya a Nsawam da ta daɗe tana ƙera wa mutane hannu da ƙafa, amma yin su da gyaransu duk kuɗi ne, shi ya sa duk lissafin diyyar da bai sa wannan a ciki ba, ragagge ne.

Kada ka kama aiki wurin kowa sai na ga mutumin da idona. Ka riƙe wata shaida ta albashinka, ko saƙon kuɗin waya ne, domin da albashi ake lissafin diyya, kuma ranar rigima mai gida yana iya cewa bai san ka ba. Ka san sunayen mutum biyu da kuke aiki tare. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kada ka sa hannu a kowace takarda sai na zo.

Ka ba mahaifiyarka wayar ranar Juma'a bayan masallaci, ni zan yi mata magana. In ta amince ka taho. In ba ta amince ba, ka zauna tukuna.