Amsa ga mai son sake wa rim ɗin Fijo 504 fenti

Ɗan'uwa, ka ce rim ɗin 504 ɗinka sun yi tsatsa, kana tambaya ko ka sayi fentin gwangwani ka fesa a kai kawai. Kada ka soma. Fenti ba ya kama tsatsa, damina ɗaya zai kumbura ya ɓare.

Na daɗe ina wannan aikin a tsofaffin motoci, kuma wahalarsa duk a kankare tsatsa take. Kai wa mai faci ya cire tayoyin da bawul tukuna, domin tsatsar da ta fi ɓarna tana bakin ciki inda taya ke zama, ita ke sa tublas yana sace iska a hankali. Ka yi sa'a rim ɗin 504 na asali ƙarfe ne, yana jure burushin waya na inji. Bayan burushi ka bi da sanfefa mai lamba 80, sannan 180, ka ƙare da 320, har farin ƙarfe ya fito. Lungunan ramuka sai da hannu, kuma nan ne yaran gareji ke ha'inci.

Wasu za su ce ka ƙona tsohon fentin da wuta don sauri. Ban yarda ba, balle a rim na alminiyom, wanda zafi ke kashe wa ƙwari, soda ta cire fenti kuma tana cinye shi. In ka ga tsaga, bar maganar fenti, nemi wani rim ɗin.

Ka goge da tina (ruwan tsinka fenti), ka fesa firaima, wato fentin farko mai hana tsatsa, a ranar, kada ƙarfen ya kwana tsirara. Fenti siriri-siriri sau biyu ko uku, kana jira ya sha iska a tsakani. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙura za ta yi maka ado.

Wuri biyu kada fenti mai kauri ya taɓa: bayan rim inda yake manne wa hob (ƙarfen motar da ake ɗaure rim a kai), da mazaunin noti. Zafin birki yana tausasa fentin, noti ya saki kana kan hanya. Manna salatif a wurin kafin feshi. Bar rim ɗin su yi kwana biyu kafin a mayar da taya, a yi balans, in ka yi kamar kilomita 50 ka sake ɗaure notin.